Daga Landan zuwa Newry, a bin sawun kalma ɗaya

Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Birtaniya ba, ƙanwata ce ta haihu a Manchester, Hajiyarmu kuma ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, sai gida suka ce ni na je na wakilta. To tunda an riga an sha wahalar biza an biya kuɗin jirgi, nace ai ba zan tsaya gari ɗaya ba, sai na ɗan zaga. Gine-gine na gani, jiragen ƙasa na hau, sanyi kuma na sha shi ba kaɗan ba, amma abin da ya fi bina a tafiyar nan wata 'yar kalma ce ta Turanci, soft. Mu dai a makaranta an ce mana laushi ko taushi take nufi, shikenan aka wuce. Ashe a bakin masu harshen, yau yabo ce gobe zagi, wani lokacin ma a jumla ɗaya ana zaginka ana kuma nuna maka ƙauna da ita.

A Landan na fara sauka wajen wani abokina da muka yi sakandare tare, yana zaune wajen Peckham. Washegari da safe na shiga wanka ina ta goga sabulu kumfa taƙi fitowa yadda na saba, na fito fata ta bushe ƙayau, na je haɗa shayi na buɗe butar lantarki na tarar da wani farin abu ya daskare a gindinta, ɓawo-ɓawo, har yana ɓantarewa yana yawo a cikin ruwan. Nace mutumina wannan wace irin ƙazanta ce, ka zo Turai ka lalace? Dariya yayi yace Malam ba ƙazanta bace, ruwan Landan ne haka, hard water suke ce masa, in soft kake so sai ka hau arewa. Wato ruwa ma akwai mai tauri akwai mai laushi. Bayanin kuwa ba wuya: kudu maso gabashin Ingila ƙasar alli ce, irin fararen duwatsun nan na gaɓar Dover da ake nunawa a hoto, ruwan sama in ya ratsa allin sai ya narkar da sinadarin kalsiyam ya taho dashi, ya shiga kogin Thames da kogin Lea da rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa, daga nan ne kuma Landan take sha. Baya cutarwa, sha ake lafiya lau, amma yana kashe kumfa, yana toshe kan shawa, yana sa shayi ya yi wata 'yar yana a sama. Duk wanda ya taɓa wanki da ruwan rijiya mai zartsi ya san abin da nake faɗa. Abokin nawa da ruwan lemon tsami yake tafasa butar in ta yi yawa. Har a kanti na ga kwalin ganyen shayi na Yorkshire Tea da aka rubuta an haɗa shi musamman don masu irin wannan ruwan, ka ji mutanen da basu ɗauki shayi da wasa ba.

Daga tashar Euston na hau jirgin ƙasa, awa biyu da 'yan mintuna sai gani a Manchester Piccadilly. Kuɗin tikitin kar ma a tada maganar, in zaka je ka saya tun da wuri a intanet.

Gidan ƙanwata kuwa da na wanke hannu, sabulu kaɗan kumfa har gwiwar hannu, kana ɗaurayewa kana jin santsi kamar bai fita ba. Mijinta mutum ne mai son tarihi, shi ya zaunar dani yace Yaya wannan ruwan da kake gani daga nesa yake, daga wani tafki da ake kira Thirlmere a yankin Lake District, duwatsun can masu tauri ne ruwa baya narkar da komai a cikinsu shi yasa yake zuwa da laushinsa. Tun 1894 aka gama hanyar ruwan, mil 96, kuma ba injin da yake turo shi, gangara ce kawai aka auna aka daidaita ruwan yake tafiya da kansa har cikin gari. Na jima ina jinjina abin nan, aikin da aka yi da diga da shebur kafin a haifi kakana har yau yana ba mutane ruwa, mu kuma... bari dai na yi shiru.

Kuma wannan laushin ruwan yana cikin abin da ya gina garin. Masaƙun auduga na Lancashire, yankin da Manchester take ciki a lokacin, suna buƙatar ruwan da zai wanke zare ya karɓi rini ba tare da ɓata shi ba, ga kuma iska mai danshi da take hana zaren tsinkewa, duk Allah ya haɗa musu a wuri ɗaya. Abin da basu da shi ita ce audugar kanta. A nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu, domin a Manchester ɗin nan aka kafa British Cotton Growing Association a 1902 don a nemo auduga daga ƙasashen da suka mallaka, ita ce BCGA ɗin da ta kafa injinan gurzar auduga a su Zariya da Funtuwa, har yanzu a Funtuwa sunan bai ɓace a bakin mutane ba. Har layin dogo da ya iso Kano an yi masa lissafin zai riƙa kwaso auduga ne, sai manoman Kano suka duba farashi suka koma gyaɗa. Ina tafiya a unguwar Ancoats ta Manchester ina kallon tsofaffin masaƙun jan bulo da yanzu an mayar dasu gidajen haya masu tsada da wuraren shan kofi, nace ikon Allah, wataƙila audugar gonar kakan wani a cikinmu ta taɓa shiga ginin nan.

Bayan suna abokan aikin ƙanwata suka gayyace mu cin abinci, ita ma'aikaciyar jinya ce. Wurin da suka zaɓa mashaya ce irin tasu da ake cin abinci a ciki, iyali da yara kowa na zuwa. Na ɗan yi turus a ƙofa, tace Yaya shigo ba komai, in an tambaye ka kace soft drink kawai. Wannan kam duk mun san ta, lemon kwalba, amma a can ne na ga nauyinta, domin ita ce iyaka tsakanin halal da haram a kan teburin. Mai laushi shine wanda ba giya a ciki, mai tauri shine barasa. Sai dai a yi hattara, sunaye suna yaudara. Cider da zaka ɗauka ruwan tufa ne kawai, a Ingila giya ce cikakkiya. Ginger beer da sunan giya a jikinsa yawanci lemon citta ne, amma akwai wanda ake sa wa barasa, don haka karanta jikin kwalba kafin ka kai baki. Shandy kuma giya ce da aka sirka da lemo, kar wani yace maka ai mai sauƙi ce. Ni Vimto na nema, kuma ashe a garinsu nake, a Manchester wani John Noel Nichols ya fara haɗa shi a 1908, lokacin da masu yaƙi da shan giya suke da ƙarfi ana neman abin da mutane zasu sha a madadinta, yau gashi ya zama abin buɗa baki a ƙasashen Larabawa duk azumi. Akwai ma wani ƙaton mutum-mutumin kwalbarsa na katako a Granby Row, na je na ɗauki hoto. Ɗanɗanon lemukan nasu dai ya ɗan sha bamban da namu, tun 2018 gwamnati ta sa haraji a kan sukarin da ke ciki, kamfanoni da yawa suka rage suka maye da abin zaƙi, sai ka sha ka ji wani ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe.

Ƙwai kuma, a bar maganar. Yaran gidan an dafa musu shi minti kaɗan, an ɗora a wani ɗan kofi an fasa kansa, gwaiduwar tana zuba suna tsoma yankan burodi a ciki suna lashe baki, babbar tace Kawu ɗanɗana, soft boiled ne. Nace 'yar nan Kawunki ɗanyen ƙwai baya cikin tsarinsa, a mayar da nawa wuta.

Hoton kwalbar Vimto ɗin nan da na ɗora a status, kafin awa ɗaya yaran gida sun cika ni da saƙo, Yaya soft life, Alhaji ana shan soft life ba a tuna talaka. Na kalli saƙonnin na kalli ƙanwata da aka ce tana hutun haihuwa amma tana lissafin yaushe zata koma aikin dare na awa goma sha biyu, mijinta ya fita tun duhu a cikin sanyi zai dawo cikin duhu don a hunturu ƙarfe huɗu rana ta faɗi, kuɗin haya da na hita da harajin ƙaramar hukuma suna jiran ƙarshen wata. Ba cewa nake basa cikin rufin asiri ba, suna ciki Alhamdulillahi, wuta bata ɗaukewa, famfo baya ƙafewa. Amma wannan rayuwar hutu da jin daɗi da samarinmu suke nufi da kalmar, ban ji Bature ko ɗaya ya faɗe ta da wannan ma'anar ba a duk zamana, haka soft copy da muke ta faɗa a ofisoshinmu, su kawai cewa suke turo min ta imel. Mu muka ɗauki kalmar muka yi mata namu ɗinkin.

Su a wajensu, musamman a arewacin Ingila, in aka ɗora kalmar a kan namiji to ba alheri. Maƙwabcin su ƙanwata wani dattijo ne da ya yi ritaya daga tuƙin bas, mai son ƙwallo, ya kira mu kallon wasa a falonsa. Rafali ya bada fenariti a kan ɗan taɓi da bai kai ya kawo ba, dattijon ya miƙe yana ihu that's soft, wato fenaritin banza, na araha. Can aka zura wa gola wata ƙwallo da ya kamata ya kama, ita ma soft goal. Aka nuno 'yan kallo sun ƙudundune cikin manyan riguna da huluna, ya tsuke baki yace soft southerners, 'yan kudu ragwaye 'yan hutu, irin waɗanda muke kira ajebo. Yace min je Newcastle ka gani, ana ƙanƙara maza suna tuɓe riga a filin wasa. Ni dai a raina nace wannan ba jarumta bace neman ciwon haƙarƙari ne, amma na gane inda maganar ta fito, garuruwan ma'adinin kwal ne da masaƙu da tashoshin jiragen ruwa, mutanen da suka ci abinci da ƙarfin jikinsu, kuma suna ganin kuɗi da mulki duk sun tare a Landan, to abin da ya rage musu na taƙama shine juriya. Abin dariyar shine masu ruwa mai laushin su ne suke kiran kansu masu tauri, masu ruwa mai taurin kuma aka ce su ne lausasa.

Dattijon nan dai shi ya kai ni tasha a motarsa ranar da zan je Liverpool. Da zan sauka na zaro fam goma nace a sa mai, ya ture hannuna yace don't be soft. Fuskarsa a sake, har da ɗan dukan kafaɗa. A nan kuma ma'anarta haba kar ka zama sakarai mana, mayar da kuɗinka. Kalmar da ya zagi 'yan kudu da ita jiya da ita yayi min karamci yau.

Tsakanin Manchester da Liverpool ko awa ɗaya ba a yi, kuma layin ne na farko a duniya da ya haɗa manyan birane biyu da jirgin fasinja, tun 1830. Turancin mutanen Liverpool sai ka kasa kunne sosai, kamar daga maƙogwaro yake fitowa, kuma su kalmar tasu soft lad ce, ko'ina. Uwa ta faɗa wa ɗanta da ya zubar da askirim a riga, wani ya ƙwala wa abokinsa da ya tsaya a tsakiyar titi yana danna waya, direban tasi ya faɗa wa mai keken da ya gifta masa, wannan ta ƙarshen kam ba wasa a cikinta. Muryar ce take raba su, in an ja ta da murmushi to wawan nan nawa kenan, in an datse ta to gaula ake nufi kai tsaye. Mu ma ai in aka ce mutum yana da taushin hali yabo ne, amma in aka ce wane ya yi laushi to an gama dashi, duniya ta murza shi. Bambancin dai su sun kai ta har cikin ƙwaƙwalwa, soft in the head, wanda kansa ba daidai ba.

Na yi azahar a masallacin Abdullah Quilliam da ke Brougham Terrace, wani lauya Bature da ya musulunta ya buɗe shi a 1889, kuma shi ɗin ya zo Legas a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. Ƙaramin wuri ne, in ba an nuna maka ba zaka wuce shi ka ɗauka gida ne. Ruwan alwalarsa ma mai laushi ne, sai dai labarin nasa ba daɗi, kaso mai yawa na ruwan Liverpool daga Wales yake zuwa, kuma ƙauyuka aka nutsar aka yi madatsun, Llanwddyn a shekarun 1880, sannan Capel Celyn a 1965, ƙauyen da yarensu na Welsh suke yi, suka yi zanga-zanga har cikin Liverpool ba a saurare su ba. Sai a 2005 majalisar birnin ta nemi afuwa.

Daga Birkenhead, tsallaken kogin Mersey, na hau jirgin ruwan dare zuwa Belfast, kusan awa takwas. Ireland ta Arewa cikin Birtaniya take don haka bizata ta isa. Mun sauka da sassafe gari yayi toka-toka, wani yayyafi ake wanda ba zaka ce ruwa bane ba zaka ce hazo bane, baka jin saukarsa, laima ma bata da amfani don ba daga sama yake zuwa ba, a cikin iskar yake rataye, amma kafin ka kai tashar bas gashin ido da gemu da kafaɗar jaket duk sun yi ɗigo-ɗigo. Matar da na sauka a gidan baƙinta, tsohuwa mai fara'a, ta buɗe ƙofa ta kalli sama tace soft day, thank God. Ina rawar sanyi ana gode wa Allah. Daga baya take ce min maganar daga tsohon harshensu na Irish ta shigo Turanci, kuma manoma ne suka fi faɗarta, ruwa ne da baya karya shuka baya kwashe ƙasa, yana shiga a hankali ciyawa ta tashi shanu su ƙoshi. Wannan kam na fahimce ta ba sai an ƙara ba, duk ɗan manomi ya san bambancin ruwan da ya zo da iska ya kwantar da gero da wanda ya kwana yana tsattsafi.

Garin da ake gaisawa da laushin yayyafi kuma shine garin da na ga katanga mafi tsayi a tsakiyar unguwa. Tsakanin Falls Road ta Katolika da Shankill Road ta Furotesta akwai bango na kankare da ƙarfe da raga a sama, ya fi gidan bene tsayi, da ƙofofin da har yanzu ake rufe wasu da daddare, duk da an yi yarjejeniyar zaman lafiya ta Good Friday tun 1998 bayan rikicin da ya ci sama da mutum 3,500. Peace wall suke ce masa, wato katangar zaman lafiya. Masu yawon buɗe ido suna ta rubuta sunayensu a jiki da maka, ni ban rubuta ba, ban ga abin sa hannu a wurin ba.

A nan ne kuma na ci karo da soft ta siyasa. Tun bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016 ake ta jan magana kan iyakar Ireland ta Arewa da Jamhuriyar Ireland, soft border ko hard border, wato a bar ta a buɗe ba shinge ba kwastan, ko a dawo da shingayen da mutane suke tunawa da sojoji da hasumiyar tsaro. Iyakar ta kai kusan kilomita 500, hanyoyin da suka ratsa ta sun fi 200, akwai gonakin da rabi yana nan rabi yana can. A ƙarshe dai an bar ta a buɗe, aka mayar da binciken kaya tashoshin jiragen ruwa. Na hau bas zuwa Newry, garin da yake dab da ita, don na gani da idona. Wani mai tasi a can yace ba abin da zaka gani ɗan'uwa, alamar gudu ce kawai take komawa kilomita daga mil, layin gefen titi ya koma rawaya, kuɗi ya koma yuro, mutane suna tsallakawa sayen mai ko cefane duk inda ya fi araha su dawo. Yace hau na kai ka Dundalk, tsallaken iyakar a cikin Jamhuriya, ka sha shayi, minti ashirin ne.

Nace a'a Malam, mu tsaya a nan. Laushin iyakar nan na masu fasfon Birtaniya da Ireland ne, su ke da yarjejeniyar zirga-zirga a tsakaninsu. Mai koren fasfo irina bizar Birtaniya bata shigar dashi Jamhuriya, kuma 'yan sandan can suna tare bas ɗin Belfast zuwa Dublin, babban birninsu, lokaci-lokaci su duba takardu, in aka same ka ba biza ba wanda zai ji cewa ai baka ga shinge ba, kuma tabon zai bi ka duk sanda ka sake neman biza. Ya ɗan yi shiru yace wallahi shi bai taɓa sanin haka ba, shekara da shekaru yana tsallakawa. Muka sha shayin a Newry, shi ya biya.

Don haka duk mai niyyar haɗa Dublin a tafiyarsa ya nemi bizar Ireland daban tun yana gida, suna da ofishin jakadanci a Abuja, kuma ya fara da wuri don ba a kwana biyu take fitowa ba. Ya kuma sayi jaket mai hana ruwa shiga, mai hula, ba irin ta gwanjo da na tafi da ita ba.